Tiya Biyu a Kasuwa Ɗaya: Kiredit da Ajin Ɗalibi a Jami'a

A jami'o'in Amurka, ɗalibai biyu suna iya shiga rana ɗaya, su kwana ɗaki ɗaya, su ci duk jarrabawar da suka zauna, amma bayan shekara biyu a tarar ɗaya ya zama ɗan aji uku, ɗayan kuwa yana aji biyu. Babu wanda ya faɗi a cikinsu, babu kuma wanda aka ce ya maimaita. Lissafi ne ya raba su: na farkon yana ɗaukar kiredit 15 a kowane zangon karatu, ya tara 60, na biyun yana ɗaukar 12, ya tara 48. A can, adadin kiredit ɗin da ke rubuce a takardar sakamakon mutum shi ke faɗin ajinsa, ko da shekara nawa ya yi yana sintiri a harabar makaranta. Irin wannan lissafi ya shiga Turai da wata siffa, daga can ya iso jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ƙarƙashin tsarin LMD, kamar yadda ya shiga jami'o'in Nijeriya ta wata ƙofar.

Masu yabon tsarin suna cewa adalci ne tsantsa, domin lamba ba ta san ɗan gida ba, ba ta san baƙo ba. Wannan yabo yana buƙatar a tsaya a kansa. Kiredit tiya ce, kuma tiya ba ta da laifi a karan kanta. Laifin yana wurin mai awo. Jami'o'i, daga na Amurka har na yankin Sahel, suna auna ɗalibi da tiya mai tozo, idan kuma aka zo auna abin da su za su ba shi sai su ɗauko wadda aka bubbuge gindinta. Sannan a kan wannan awon ake gina hukuncin da ya shafi shekarun matashi, da kuɗin iyayensa, da ranar da zai fara neman aiki.

Yadda lissafin yake

Da farko ya kamata a raba wannan kalma da wadda ɗaliban sakandare na Nijeriya suka sani. Kiredit na jarrabawar WAEC daraja ce ta cin jarrabawa. Kiredit na jami'a kuwa nauyin darasi ne, wato yawan lokacin da aka ƙaddara darasin zai ci. Ma'aikatar ilimi ta tarayyar Amurka ta rubuta ma'anarsa a doka a shekarar 2010: sa'a ɗaya ta koyarwa a aji, da aƙalla sa'a biyu na aikin ɗalibi a wajen aji, kowane mako, na tsawon kimanin mako 15. Ke nan kiredit ɗaya sa'o'i 45 ne a takarda. Darasi na yau da kullum yana da kiredit 3. Digirin farko yana buƙatar 120 a mafi yawan jami'o'i, wato 30 a shekara har shekara huɗu. (Sa'ar da ake magana a kai, a al'adar jami'o'in, minti 50 ce. Tun daga nan an fara rage wa tiya baki.)

A kan waɗannan lambobi aka yanka azuzuwa huɗu. A tsarin da ya fi yaɗuwa, mai kiredit daga sifiri zuwa 29 shi ne fireshman, ɗan aji ɗaya; daga 30 zuwa 59 sofomo; daga 60 zuwa 89 juniya; daga 90 zuwa sama siniya. Wasu jami'o'in suna ɗan matsa iyakar gaba ko baya, amma ginshiƙin ɗaya ne. Abin da ake ƙirgawa shi ne kiredit ɗin da ɗalibi ya ci. Wanda ya yi rajistarsa ya faɗi, ko ya janye a tsakiyar zango, ba ya shiga kwando.

Wani zai ce ai suna ne kawai, ko an kira mutum sofomo ko juniya darasin da zai karanta bai sauya ba. Ba haka abin yake ba. A jami'o'i da yawa ana buɗe rajistar darussa bisa matsayi, siniya su fara zaɓa, sai juniya, a bar wa ƴan ƙasa ragowa. Wanda aka bari a baya yana iya tarar da darasin da ya zame masa dole ya cika, sai ya jira wani zangon. Akwai darussan manyan azuzuwa da ba a barin kowa ya shiga sai ya kai matsayin juniya. Bashin karatu da gwamnatin tarayya ke bayarwa shi ma yana bin aji: ɗalibin da ke ƙarƙashin kulawar iyayensa yana iya karɓar dala 5,500 a ajin farko, 6,500 a na biyu, 7,500 daga na uku. Ɗalibin nan mai kiredit 48 zai shiga shekararsa ta uku da kason ɗan aji biyu. Baƙon ɗalibi kuwa, irin wanda ya taso daga Yamai ko Kano da bizar karatu, dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 kowane zango, in ba haka ba izinin zamansa a ƙasar ya shiga haɗari.

A wannan lamba ta 12 tarko na farko yake. Dokar tallafin karatu ta ce mai kiredit 12 cikakken ɗalibi ne. Yaro ya ji an ce cikakke, ya ɗauka yana kan hanya. Amma 12 sau takwas 96 ne, saura 24 kafin 120, wato ƙarin shekara guda cur da kuɗin makarantarta da na ɗaki da na abinci. Tsarin da ya kira 12 cikakke shi ne kuma ya tsara digiri bisa 15. Sai da jami'ar Hawai ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai domin shaida wa ɗalibai cewa 15 ce lambar gamawa a kan lokaci, wasu jihohi suka kwaikwaya. Abin mamaki ne a ce sai an buga talla kafin mai saye ya san girman tiyar da ake auna masa da ita.

Tarko na biyu ya fi zurfi. Kiredit ɗin da ke ɗaga ajin mutum ba lalle ne ya kusantar da shi ga digiri ba. Digiri ba tarin 120 ne kawai ba. An kasa shi gida-gida, akwai na darussan gama-gari, akwai na fannin da ɗalibi ya zaɓa, akwai na ganin dama. Wanda ya sauya fanni a shekara ta uku yana iya riƙe da kiredit 100, ana kiransa siniya, alhali darussan sabon fanninsa, waɗanda dole a bi su ɗaya bayan ɗaya, za su ci masa shekara biyu. Sunan ya kai ƙofar fita, mutumin yana tsakar gida. A daidai wannan lokaci wani agogon yana tafiya: dokar tallafi ta tarayya ba ta yarda ɗalibi ya wuce kashi 150 cikin 100 na tsawon karatunsa ba, wato kiredit 180 da ya yi rajista ga digiri mai 120, kuma jami'o'i kan nemi ya ci kimanin kashi 67 cikin 100 na abin da ya ɗauka. A wannan lissafin har wanda ya faɗi ana ƙirgawa. Mai rajistar 15 da ya ci 9 ya tsaya a kashi 60, ya faɗo ƙasa da layi. Idan za a ba shi matsayi, ba a ƙirga ƙoƙarin da bai kai ba. Idan za a yanke masa tallafi, ana ƙirgawa.

Inda abin ya samo asali

Wanda ya ga yadda ake girmama wannan ma'auni zai zaci malaman tarbiyya ne suka zauna suka gano shi bayan dogon bincike kan yadda ɗan Adam ke koyo. Tarihi bai faɗi haka ba.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, ɗaliban kwalejojin Amurka suna karanta darussa iri ɗaya, aji guda yana tafiya tare daga shiga har fita, don haka shekara ta isa ma'auni. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Harvard daga 1869 zuwa 1909, ya buɗe ƙofar zaɓin darussa. Da kowa ya kama hanyarsa, sai aka rasa yadda za a ce wane ya yi daidai da wane, aka shiga neman abin ƙirga. Sai attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 a 1905 domin fanshon malaman jami'a. Gidauniyar da aka kafa don raba kuɗin ta fuskanci tambaya mai sauƙin faɗi: wace makaranta ce ta cancanci a kira ta kwaleji, tunda a lokacin kowa na iya rataya allo ya sa wa makarantarsa wannan suna? A 1906 ta gindaya sharaɗi cewa kwalejin da ke son malamanta su shiga fansho dole ta nemi ɗaliban da za ta ɗauka su zo da ma'auni 14 na karatun sakandare, kowane ma'auni sa'o'i 120 na zama a aji kan darasi ɗaya cikin shekara. Makarantu suka bi, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A 1910 gidauniyar ta wallafa rahoton Morris Cooke, injiniya kuma almajirin Frederick Taylor mai tsarin auna aikin leburorin masana'anta da agogo. Cooke ya ba da shawarar a riƙa ƙirga sa'ar ɗalibi, don a san nawa kowane sashe ke kashewa da kuma nawa yake fitarwa.

Daga teburin akanta, ke nan, ma'aunin ya fito, kuma aikin akanta yake yi har gobe: a san nauyin aikin malami, a raba ɗakunan karatu, a yanke kuɗin makaranta, a kasa tallafi. Ita kanta gidauniyar Carnegie ta amsa a rahotonta na 2015 cewa ba a ƙirƙire shi don auna abin da ɗalibi ya koya ba. Mai abu ya faɗi iyakar abinsa, ƴan aro ne suka ƙi ji.

Ko da an bar batun ilimi an tsaya kan lokaci, wanda shi ne abin da kiredit ya yi alkawarin aunawa, lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. Mai kiredit 15 ya kamata ya yi aikin sa'o'i 45 a mako. Masana tattalin arziki biyu, Philip Babcock da Mindy Marks, sun bi diddigin bayanan shekaru, suka gano cewa cikakken ɗalibi a Amurka yana ba karatu kimanin sa'o'i 40 a mako a 1961, zuwa 2003 ya koma kimanin 27. Kashi ɗaya cikin uku na lokacin ya zube, amma digiri yana nan a 120, ba a rage ko ɗaya ba. A 2011 Richard Arum da Josipa Roksa suka fitar da binciken da ya nuna kashi 45 cikin 100 na ɗaliban da suka bibiya ba su nuna wani ci gaba na a-zo-a-gani ba wajen tunani mai zurfi da rubutu a shekaru biyun farko. An yi ta muhawara kan jarrabawar da suka yi amfani da ita, kuma muhawarar tana da tushe. Sai dai tambayar tana nan: ɗalibi ya tashi daga fireshman ya kai bakin juniya, takarda ta ce ya ci rabin digiri, to rabin me ya ci?

Masu kare tsarin suna da amsa. Sun ce kiredit nauyi yake aunawa, maki kuma shi ke auna inganci, kowa da aikinsa. Gaskiya ne an raba su, kuma akwai matsakaicin maki da ake nema kafin a ba da digiri. Amma wanda ya ci darasi da ƙyar da wanda ya ƙware a kai kiredit uku-uku suke kwasa, su haye aji rana ɗaya, su zauna darasi na gaba wanda aka gina a kan na baya. Matsayi yana bin nauyi, bai damu da inganci ba sai abin ya kai ga kora.

Kuɗin da ba ya ƙetare kasuwa

Babban alkawarin kiredit shi ne ya zama kamar kuɗi: abin da mutum ya tara a nan ya kashe shi a can. A wannan alkawarin ne tiya ta biyu ta fi fitowa fili. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Da yawa daga cikin masu sauya makaranta ba ƴaƴan masu hali ba ne. Su ne waɗanda suka fara a ƙananan kwalejojin unguwa masu shekara biyu domin sun fi araha. Wani lokaci ma sabuwar jami'ar tana karɓar kiredit ɗin, amma ta jefa shi a gidan ganin dama, ya ɗaga sunan ɗalibi bai rage masa darasi ko ɗaya na dole ba.

Jami'ar da ta ƙi karɓar kiredit na wata tana faɗin abu ɗaya ne a sarari, cewa sa'o'i 45 na can ba su yi daidai da 45 na nan ba. To idan haka ne, ita da kanta ta rushe hujjar cewa lamba ba ta nuna bambanci. Kuma ba za a rufe ido ga cewa duk darasin da aka ƙi karɓa darasi ne da za a sake sayarwa ba.

Daga Bolonya zuwa Yamai

Turai ta ƙirƙiro nata ma'aunin, ECTS, a 1989, domin ɗaliban shirin musaya na Erasmus. Bayan ministocin ƙasashe 29 sun sa hannu kan sanarwar Bolonya a watan Yunin 1999, ya zama ma'aunin nahiyar. A nan shekara kiredit 60 ce, zango 30, kuma kowane kiredit yana wakiltar sa'o'i 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi baki ɗaya, na aji da na gida. Faransa ta koma tsarin lisans, masta da doktora daga 2002: lisans kiredit 180 a shekara uku, masta ƙarin 120 a shekara biyu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Jami'o'in Afirka ta Yamma masu karatu da Faransanci suka kafa haɗakar REESAO a Lome a 2005, majalisar CAMES, wadda aka aza harsashinta a Yamai a 1968, ta goyi baya, sannan ƙungiyar UEMOA ta fitar da umarni a 2007 cewa ƙasashenta takwas su rungumi LMD.

Akwai wani ɗan lissafi da ya isa ya tona asirin sa'o'in nan. Digirin Amurka: 120 sau 45, sa'o'i 5,400. Lisans na Turai a iyakarsa ta sama: 180 sau 30, sa'o'i 5,400. A takarda kunnen jaki ne. Amma masu tantance takardu a Amurka sun saba canjin kiredit biyu na Turai a kan ɗaya nasu, sai lisans ya koma 90, wato mai shi ya tsaya a bakin ajin siniya, kuma akwai jami'o'in da ke jan ƙafa kafin su ɗauke shi karatun masta. Da sa'o'i ake ƙirgawa da gaske, da wannan saɓani bai taso ba. Shekara ake ƙirgawa, aka sa mata rigar sa'o'i.

A jami'o'in Sahel matsalar ta ɗauki wani salo. Tsarin LMD ya ɗora kaso mai yawa na kowane kiredit a kan aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Wannan ya ginu a kan zaton cewa akwai ɗakin littattafai mai kujerar zama, da wutar lantarki da dare, da intanet, da ƙananan rukunai inda malami zai duba aikin kowa. Nijar ta daɗe da jami'ar gwamnati ɗaya tak a Yamai, wadda ta fara a 1971 aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Sai a 2010 aka samu na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Yawan masu cin bakaloreya ya riga gine-gine da ɗaukar malamai gudu. Ɗalibin da ke rubuta darasi a kan gwiwarsa a zauren da ya cika ya batse, ya koma ɗakin haya inda mutum biyar ke raba fitila ɗaya, an rubuta masa sa'o'in nazari iri ɗaya da na takwaransa na Tuluz. Babu wanda ya ƙirga su, babu kuma wanda ya yi niyyar ƙirgawa.

Rabin da ake iya ƙirgawa, wato sa'o'in koyarwa, shi ne ya fi ban takaici. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa manyan jami'o'in yankin, daga Yamai zuwa Wagadugu da Dakar, sun sha fama da shekarun karatu masu hawa kan juna, sakamakon yajin aikin malamai, da ƙaurace wa azuzuwa da ɗalibai ke yi kan jinkirin alawus, da ƙarancin ɗakuna. Idan aka tashi cike giɓi, hanya mafi sauƙi ita ce matse zango: darasin da aka tsara wa watanni a dunƙule shi cikin makonni, ko baƙon malami ya sauka ya zazzage shi cikin kwanaki ya hau jirgi. A ƙarshe takarda ta ce kiredit 30, cif. Ba a taɓa jin an rubuta wa ɗalibi cewa wannan zango 19 aka koyar ba. Amma shi idan ya zo da 29, kwamitin jarrabawa zai nuna masa cewa 29 ba 30 ba ce. Zai haye da bashi a wuyansa, idan ƙa'idar tsangayarsa ta yarda, ko ya tsaya. Kuma lisans ba zai fito ba sai ya biya bashin, ko da jarrabawar darasin ba za ta sake zagayowa ba sai bayan shekara. Kalmar bashi da ɗalibai ke amfani da ita ta dace ƙwarai. Abin tambaya shi ne me ya sa ɓangare ɗaya ne kawai ake bi.

Sai kuma batun cike gurbi da maki, inda darasin da aka ci da kyau yake ɗauke nauyin wanda aka faɗi, matuƙar matsakaicin ya kai 10 bisa 20. Rahama ce ga ɗalibi, ba musu. Amma tana nufin ana iya rubuta wa mutum kiredit na darasin da malaminsa ya shaida bai iya ba. Ɗalibin tattalin arziki da ya samu 6 a lissafi da 14 a tarihin tunanin tattalin arziki yana iya fita da kiredit ɗin duka biyun, kuma mai ɗaukar aiki da ya ga 180 ba shi da hanyar sani sai ya bi makin layi-layi.

A Nijeriya, inda ake kiran azuzuwa da matakin 100 zuwa 400, ɗalibi kan haye tare da ƴan ajinsa yana jan darussan da ya faɗi a baya, har su taru su hana shi fita tare da su. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, aka dawo aka matse zanguna, kiredit bai ragu a takardar kowa ba. Iyakar abin kuwa ta bayyana a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya ba da labarin yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, da cikakkiyar takardar sakamako, bai taɓa zama a aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, hukuncin da ya haɗa har da waɗanda suka yi karatunsu da gumi. Wannan zamba ce, kuma ba za a haɗa ta da jami'ar da yajin aiki ya matse ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: takardar da ke ɗauke da lambobin da ba wanda ke bincikar abin da ke bayansu tana da sauƙin ƙirƙira.

Ba kiran komawa baya ba ne

Akwai masu kewar tsohon tsari, na shekara dunƙule, da DEUG da lisans da metiriz. Waɗannan sun manta ɗacinsa. A wancan zamani wanda matsakaicin makinsa bai kai ba yakan maimaita shekarar, damar maimaitawa kuma ƙidayayya ce, har ɗalibai suka laƙaba wa wanda ya kai ta ƙarshe suna mai ma'anar wanda harsashinsa ya ƙare. Wanda aka kora bayan shekara uku yana fita hannu rabbana. Tsarin kiredit ya kawo abu guda mai daraja: abin da mutum ya ci ya zama nasa. Matar da haihuwa ta katse wa karatu, ko saurayin da rasuwar uba ta mayar gona, suna iya dawowa su ɗora daga inda suka tsaya. Wanda ya ce a jefar da wannan ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Saboda wannan daraja ne ma ya sa tauye awon ya zama abin fushi. Kalmar kiredit ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin yarda, kuma yarjejeniya ce mai ɓangare biyu: jami'a ta ce za ta koyar da sa'o'i kaza, ɗalibi ya ce zai yi aikin sa'o'i kaza, sannan a gwada shi. Ɓangaren ɗalibi yana da mai tsaro, da kwamiti, da hukunci. Ɓangaren jami'a ba shi da ko ɗaya da ɗalibi zai iya kai ƙara gabansa ya ga sakamako.

Gyaran ba ya buƙatar sabon taro a Bolonya. Kowace tsangaya tana da jadawalin da ya nuna sa'o'in da aka ware wa kowane darasi, kuma ana lissafin sa'o'in da malamai suka koyar, tunda da shi ake biyan kuɗin ƙarin aiki. Abin da ya rage shi ne a liƙa lambobin biyu gefe da gefe a allon sanarwa kafin ranar jarrabawa, darasin da bai kai wani kaso da aka amince da shi ba a ɗage jarrabawarsa har a cike. Jami'o'in gwamnati na ƙasa ɗaya, masu bin umarnin UEMOA ɗaya, su wallafa jerin darussan da suke karɓa daga juna, yadda ɗalibin da zai tashi daga Tawa zuwa Damagaram zai san abin da zai bi shi tun kafin ya ɗaure kayansa. Wanda aka ƙi karɓar nasa a ba shi dalili a rubuce. A shirya jarrabawar biyan bashi kowane zango, kada darasi ɗaya mai kiredit biyu ya ci wa mutum shekara. Ƙungiyoyin ɗalibai, irin su USN, sun ƙware wajen fitowa kan alawus da abinci da motocin sufuri, kuma haƙƙinsu ne. Sa'o'in koyarwar da aka rubuta a takardunsu ba a ba su ba sun cancanci layi a cikin jerin buƙatun da suke miƙa wa ma'aikatar ilimi mai zurfi, sama da layin motoci.